TAGA DA MASU GYARANTA A GIDAJENMU NA KAFANCHAN

A wannan fitowa filinmu na tarihi zai ɗan sauka daga kan sarakuna da yaƙe-yaƙe, ya leƙa wani abu da kowa ke da shi a ɗakinsa amma ba mai tambayar asalinsa, wato taga. Wani zai ce, to mene ne kuma abin rubutu a kan taga? Amsar tana nan a jikin bangon gidajenmu. Duk wanda ya bi layukan cikin garin Kafanchan a natse, daga wajen fada zuwa kasuwa har Bayan Loko, zai iya ganin taga iri uku ko huɗu a gida ɗaya. Ga 'yar ƙaramar kafa can sama kusa da rufi wadda aka toshe da tsumma, ga ta katako mai marfi biyu da sakata, ga ta gilashi falle-falle da rabinta ya zube, sa'an nan ga ta alminiyam a ɗakin amarya. Kowace da zamaninta, kowace kuma da hannun da ya kafa ta. Abin lura shi ne, da yawa daga cikin hannuwan nan ba namu ba ne, na maƙwabta ne da baƙi waɗanda muka kira, muka shigar da su har cikin gida, inda ko aminin maigida ba ya wucewa.

Kakanninmu dai ba su damu da taga ba. Gidan Bahaushe ciki yake kallo, bayansa yake ba hanya. Mai wucewa ba abin da zai gani sai katanga da zaure, haske da iska kuwa a tsakar gida ake samunsu, domin a nan ake daka, a nan ake girki, a nan ake hira, ɗaki na kwana ne da ajiya. Ita kanta kalmar taga daga Larabci muka aro ta. In magini ya bar kafa a bango, 'yar ƙarama ce da ba ta fi kan yaro ba, kuma sama da tsawon mutum. Yana da dalilinsa. Bangon tubali ba ya son babban rami, in aka yi zai tsage. Ƙurar hunturu da zafin bazara su ma ba a so a ba su ƙofa. Babban dalilin kuwa shi ne sutura. Littattafan fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, sun hana mutum ya huda taga inda zai riƙa hango cikin gidan maƙwabcinsa, kuma alƙalai suna hukunci da haka. Ko Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834 zuwa 1846), gwanintarsa a baka da rufi ta bayyana, ba a faɗin taga ba.

A ƙasar Jama'a, wadda Malam Usman ya kafa sarautarta wajen 1810 a ƙarƙashin Zazzau, ginin ya ɗan bambanta da na Kano da Katsina saboda yawan ruwa. Damina a nan doguwa ce, soro mai rufin ƙasa ba ya jure mata, don haka jinka ta fi yawa. Ɗakin jinka kuwa da kansa yake numfashi, iska na ratsa ciyawa tana shiga ta tsakanin bango da rufi. Gyaran gida a lokacin aikin shekara-shekara ne: in ruwa ya ɗauke a yi yaɓe, a sake baibaya, galibi da gayya ko da maginin unguwa wanda ya gaji sana'ar kuma kowa ya san ubansa. Ba a tsoron shigarsa gida, domin shi ma iyalinsa haka suke a killace.

Jirgin ƙasa ne ya kawo mana taga irin wadda muka sani yau. A 1927 Kafanchan ta zama mahaɗa, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos wajen ma'adinin kuza. Ƙasar Fantswam da ke zaune da noma ta wayi gari da tasha, da loko, da kwatas na ma'aikata. A 1933 aka taso da hedkwatar masarauta daga tsohuwar Jama'a aka dawo nan, fatake da mahauta da malamai da 'yan koli daga Zariya da Kano da Katsina da Bauchi suka yi ta sauka, cikinsu har da iyayen da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla.

Turawan reluwe kuwa tsoron sauro suke yi kamar mutuwa. Tun da likitan nan Ronald Ross ya tabbatar a 1897 cewa sauro ne ke ɗauke da zazzaɓin cizon sauro, sai gininsu a ƙasashen zafi ya koma na manyan tagogi masu ragar waya, da baranda ta kewaye gida. Lugga ma sai da ya shimfiɗa ƙa'ida cewa a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa, wai don kada sauron da ya ciji 'ya'yanmu ya ƙarasa wurinsu. Abin dariya, mutanen da suka zo suna koya mana amfanin taga su ne a ƙasarsu Ingila gwamnati ta yi ta karɓar harajin taga daga 1696 har 1851, talakawa suna toshe nasu da bulo don gudun biya. Ko ma dai yaya ne, duba-gari ya shigo rayuwarmu da farar hularsa da ludayinsa, yana leƙa randa, yana duba salga, yana tambayar ina iska ke shiga ɗakin nan.

Amma a gaskiya ba duba-gari ne ya sa muka huda bango ba, abu biyu ne: kwano da haya. Da mutum ya samu kuɗin citta ko na shanu ya cire jinka ya sa kwano, sai ya tarar ɗakin da ke da sanyi jiya ya zama tanda, domin kwano ba ya numfashi. Dole a nemi mafitar zafi. Na biyu, kwatas ɗin reluwe bai ishi ma'aikata ba, da yawa sai a cikin gari suke neman ɗaki, kuma akawu ko makanikin da ya zo daga Inugu ko Abekuta ba zai biya haya a ɗakin da ba taga ba. Sai iyayenmu suka fara gina jerin ɗakuna a gaban gida, tagoginsu suna kallon titi, iyali kuma suna can baya yadda aka saba. Daga ɗakin 'yan haya taga ta shiga turakar maigida, daga nan uwargida ta ce ita ma ba za a bar ta a duhu ba.

To, wa zai yi aikin? Muna da masassaƙa gwanaye, amma sana'arsu turmi da akushi da ƙotar fartanya da ƙyaure ne. Aikin zarto da awon inci da haɗa kusurwa ya zauna daidai, wannan na kafinta ne, kuma kafintocin farko a garin nan galibinsu Ibo ne da Yarabawa da reluwe ta kawo. Dattawa suna ba da labarin yadda ake tare su bayan an tashi daga aiki, ko ranar Asabar da yamma, a roƙe su su zo su duba ɗaki. Katakon da suka fi so maɗaci ne da loko, saboda gara ba ta cika damunsu ba. Su kan shafe gindin firam da baƙin mai kafin magini ya kama shi da ƙasa ko siminti, dabarar da har yau ba a samu wadda ta fi ta araha ba.

A nan ne wata sabuwar matsala ta taso wadda kakanninmu ba su sani ba: yaya za a shigar da namiji baligi, wanda ba danginka ba, ba addininku ɗaya ba, wani lokaci ko Hausa bai iya sosai ba, har ɗakin matarka? Yadda suka warware wannan abu ya cancanci a rubuta shi. Ba a fara aiki sai maigida yana nan, ko ƙanensa, ko babban ɗansa. A zaure ake yin magana. In an shirya sai a tura yaro ya ce, "Inna, Baba ya ce za a shigo da mai aiki," mata su koma ɗaki guda, a saki labule. In aikin na hawa sama ne, sai a aika gidajen da ke kewaye a ce za a hau, don su ma su kintsa. Kafinta shi ma ya koyi ladabin wurin. Ya san ba a ɗaga kai, ya san in yana son ruwa yaro zai gaya wa, ya san in an kira salla zai ajiye guduma ya fita zaure ya jira. Maigida na ce masa Oga ko Masta, shi kuma yana cewa Alhaji ko da mutum bai taɓa zuwa ko Kano ba. In azahar ta yi, kwanon tuwo ko na dambu zai fito masa daga cikin gida, kuma ba a lissafa wannan a kuɗin aiki. Gidan da ya bar mai aiki da yunwa, kafin magariba labarinsa ya kai tasha.

Ciniki kuwa iri biyu ne, ko aikin yini ko jinga. A jinga ana yanke kuɗin aikin gaba ɗaya tun farko, a ba da kafin alƙalami, saura sai an ga taga tana buɗewa tana rufewa. Ba a rubuta takarda, amma ba a yi sai da shaida, ko maƙwabci ko dillalin da ya kawo shi. In rigima ta taso a je wurin mai unguwa, in ta fi ƙarfinsa sai gaban alƙali. Fiƙihunmu yana da ƙa'ida mai kyau a nan: mai sana'ar da ya ɗauki kayanka ya tafi da su shagonsa, to lamuninsu yana wuyansa in sun ɓace ko sun lalace, sai fa in ya kawo shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. Haka kuma ba a yarda a ɗauki mutum aiki a kan ladan da ba a bayyana ba. Wannan magana ta "yi kawai, ai ba za mu ɓata ba" da muke yi wa masu aiki a yau, malaman da ba za su amince da ita ba, kuma ita ce uwar yawancin faɗan da ake yi a ƙofar gida.

Wannan zama ya tsinke a 1966. Bayan kashe-kashen da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa a watan Mayu da kuma Satumba zuwa Oktoba na shekarar, dubban mutane suka kama hanyar gida, kuma jiragen da suka kwashe su ta tasharmu suka bi, tunda nan ce ƙofar Gabas. Bala'in da ya same su ya fi ƙarfin a haɗa shi da zancen katako, amma tarihin sana'a a garin nan ba zai cika ba in ba a faɗi cewa rana ɗaya aka rasa kafintoci da makanikai da masu gyaran famfo ba. Waɗanda suka cike gurbin su ne yaran da suka yi koyo a hannunsu, da 'ya'yan ƙasar nan, Bajju da Kagoro da Atyap da Jaba da Kaninkon da Fantswam, waɗanda suka rigaye mu shiga makarantun mishan da makarantar koyon sana'a ta gwamnati da ke Bukuru. Mu kuwa kasuwa muka riƙe. Mu ne masu sayar da ƙusa da kwano da fenti, su ne masu bugawa. Bayan yaƙi ya ƙare a 1970 wasu daga cikin Ibo suka dawo, da yawansu suka shiga sayar da kayan gini.

Shekarun 1970 su ne zamanin gilashi. Kuɗin man fetur ya shigo, naira ta maye gurbin fam a 1973, sa'an nan ƙarin albashin Udoji ya faɗo hannun ma'aikata a 1975, kowa ya tashi gini da bulon siminti. Tagar da ta yi tashe ita ce mai falle-fallen gilashi da ake juyawa da ɗan hannu, wadda aka fi sani da samfurin Naco. Ta dace da ƙasarmu ƙwarai, domin ana iya karkata ta ruwa na sauka iska na shiga. Sai dai tana son kulawa. Hannunta na cin tsatsa in ba a ɗiga masa mai ba, bakin da ke riƙe gilashin na saki, ƙwallon yara kuma ba ta da abokin gaba kamarsa. Muddin naira na da daraja wannan ba komai ba ne, a aiki yaro kasuwa ya sayo falle biyu. Da gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986, naira da ke kusan kai ɗaya da dala ta koma wajen 4 a shekara guda, sai kwali da falanki da buhun siminti suka fara maye gurbin gilashin da ya fashe. Reluwe ita ma ta durƙushe, aka yi ta sallamar ma'aikata, ɗakunan haya suka rasa masu biya a kan lokaci, gyara ya zama sai dole.

Daga nan sai ƙarfe. Ba za mu ce rikici kaɗai ya kawo shi ba, domin ɓarayi sun riga sun gane cewa falle-fallen gilashi ana zare shi ɗaya bayan ɗaya ba ƙara. Amma wanda ya rayu a garin nan ya san bambancin kafin Maris na 1987 da bayansa. Faɗan da ya tashi a Kwalejin Ilimi ranar 6 ga watan ya fantsama cikin gari, ya kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙona masallatai da coci-coci da gidaje. Sai Zangon Kataf a 1992, sai rikicin ba da sandar sarauta a nan a watan Mayu na 1999, sai kuma na bayan zaɓe a Afrilu na 2011, wanda ya cinye kasuwa da rayuka masu yawa daga kowane ɓangare. Bayan kowane ɗaya mai walda ne ke cin kasuwa. Tagar da ke kallon titi aka lulluɓe ta da sanduna, wasu aka toshe su da bulo ɗungurungum, marfin katako ya koma na farantin ƙarfe. Maƙwabtanmu Kirista su ma haka suka yi, tsoron iri ɗaya ne, ƙarfen ma a shago ɗaya ake saya.

Asarar da ba a cika lissafawa ba ita ce ta amana. Da, abin da ake tambaya game da mai aiki shi ne, ya iya? Sai aka koma tambayar, a wace unguwa yake? Kafintan da ya yi shekara ashirin yana shiga gidan Alhaji, wanda ya ga haihuwar yaran gidan har ya buga wa wasunsu gadon aure, sai ga shi yana shakkar tsallaka titi, shi ma Alhaji yana shakkar aika masa, ba don ɗayansu ya yi wa ɗaya laifi ba, sai don abin da mutane za su ce. Haka mai yankan farce ko mai gyaran takalmi ko mai ga-ruwa namu ya daina shiga wasu unguwanni. A ganinmu kowa ya yi hasara a wannan. Maigidan da ya taƙaita zaɓinsa ga masu aikin layinsu kaɗai, tsada zai saya, kuma in aiki ya ɓaci ba shi da bakin magana don kada a ce ya tozarta ɗan'uwa. Alheri ɗaya da ya fito daga ciki shi ne samarinmu sun shiga walda da kafinta da aikin alminiyam fiye da da, har wasunsu sun zama iyayen gidan kansu da yara masu koyo. Kuma duk da abin da ya faru, in ka je inda ake sake gina shagon da ya ƙone, sau da yawa birkila daga wannan ɓangare ne, mai kawo yashi daga wancan, kowa na kiran kowa da sunansa.

Ƙarfen ma yana da nasa haɗarin. Ɗakin da aka rufe ruf don tsoron na waje, shi ne ke riƙe zafi da numfashin mutum goma a daren bazara. A annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000, galibi a Arewa, abin da ma'aikatan lafiya suka yi ta nanatawa a rediyo bayan allura shi ne a rage cunkoso a ɗaki, a buɗe taga. Sa'an nan ga gobara. Sandar da ta hana ɓarawo shiga ba ta san mai gida ba in wuta ta tare ƙofa, kuma a gidajen da ake ajiye galan ɗin fetur na janareta a lungu, wannan ba zancen wasa ba ne.

Rigimar maigida da mai aiki kuwa ba ta canza kama sosai ba, kayan ne suka canza. Mai walda ya karɓi kuɗin ƙarfe mai kauri ya sayo mai shara-shara ya lulluɓe da fenti. Mai alminiyam ya auna da ido, ya kawo taga ta gaza, a cike gefe da siminti, damina na zuwa ruwa ya bi ta nan. Wani ya karɓi kafin alƙalami a gida uku da kuɗin na ukun yake gama na farko. Amma mu ma masu gida kada mu wanke kanmu. Akwai wanda za a gama masa aiki tsaf, sai ya shiga "dawo gobe", "Alhaji ya yi tafiya", "bari a yi albashi", har mai aiki ya gaji ya bar wa Allah. Akwai mai ƙara aiki a kan jinga, an yi ciniki a kan taga biyu sai ya ce tunda ka zo duba mini ƙofar bayi. Irin wannan ne ke sa gwani ya daina amsa kira, a bar mu da 'yan koyo.

Lokacin gyara dai bai canza ba tun zamanin yaɓe: in ruwa ya ɗauke wajen ƙarshen Oktoba, kafin hunturu ya kankama. A lokacin ne katako ke bushewa ya nuna inda ya ruɓe, a lokacin fenti ke kama ƙarfe. A duba gindin firam ko gara ta yi hanya, a kankare tsatsa kafin a shafa jan fenti, a ɗiga mai a hinji, a canza ragar sauron da ta yage, a share ƙurar da ke cikin layin tagar alminiyam don kada tayarta ta ci. Masu walda na garin nan sun iya yin ƙarfen taga mai 'yar ƙofa a jiki, wadda ake kullewa da kwado daga ciki. Ko da taga ɗaya ce a kowane ɗakin kwana ta isa, a rataye mabuɗin a ƙusa inda babba zai kai hannu a cikin duhu, a nuna wa matan gida da manyan yara wurin.